Ɗigon da Ya Raba Jikana da Kare

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Malama Horiuchi, mai koyar da magana a hawa na uku na asibiti, ta ce in riƙa rubuta abin da na gani kowace rana, wai zai taimaka mata. Na ce mata rubutu ba baƙona ba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi a teburin gyara na jaridar garinmu. Sai dai rubutun wasu nake bi da jan alƙalami, ban saba da nawa ba.

To bari in bi ƙa'idar da muke koya wa sabbin 'yan rahoto. Wa? Isao, mijina, mai rubuta allunan shaguna. Rabin allunan da ke titin kasuwa hannunsa ne. Ina? Gado na biyu daga taga. Yaushe? Tun watan jiya. Me ya faru? Wannan likita ya riga ya rubuta, ba sai na maimaita ba.

Yana cin abinci, yana gane kowa. Kalma ɗaya ce ta rage masa a baki, "madalla", kuma da ita yake yin komai: gaisuwa, faɗa, neman a miƙo masa ruwa. Jiya da nas ta zo da allura ya kalle ta ya ce "madalla" da wata irin murya da ta sa ta ba shi haƙuri.

An yi rana. Na shanya kaya.

Laraba, 9 ga Oktoba, da yamma

Akane 'yarmu ta zo, tana tura ciki gaba kamar mai ɗauke da ganga ranar biki. Saura kamar wata guda. Namiji ne, an gani a hoto. Ita da mijinta Ryohei sun tsayar da suna tun lokacin zafi: Taichi, haruffa biyu, 太一. Tun a lokacin kuma aka gama magana cewa ranar bakwai da haihuwa Isao ne zai rubuta sunan da buroshi a farar takarda, a liƙa a ɗaki, kamar yadda ya rubuta na Akane. Bisa al'ada aikin kakan wajen uba ne, amma Segawa-san, baban Ryohei, ya ce wane shi ya ɗauki buroshi a gaban mai sana'a.

Ina tuna abin da Isao ya ce a ranar: "Zane biyar kacal? Kai, yaran nan kun raina ni. Ku samo suna mai zane talatin in nuna muku aiki."

Yau Akane ta zauna ta kalli hannunsa na dama da ya shanye a kan bargo, sai ta shiga ba mu labarin gadon jarirai da ta gani a kanti. Da na raka ta bakin matattakala ta rage murya.

"Mama, akwai wani shago da suke buga sunan jariri da na'ura. Har furanni suke sawa a gefe."

"Babanki ya shekara arba'in yana zagin na'urar nan."

"Na sani. Ni dai ba na so a sa shi a gaba ne."

"Ba wanda ya sa shi a gaba. Je ki ci abinci, kin rame a fuska."

Ba ta rame ba. Kawar da zancen kawai na yi.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan abincin rana

Darasi na farko, da hannun hagu. Kafin a fara Malama Horiuchi ta juyo gare ni.

"Uwargida, an gaya mini aikin da kika yi. Sharaɗina ɗaya ne: ba gyara."

Na ce na bar jan alƙalamina a gida.

"Har na cikin ido za ki bari," in ji ta.

Ta fara da inda ake farawa da 'yan aji ɗaya. Layi guda a kwance, 一, wato ɗaya. Isao ya ja shi, ya fito kamar tsutsar da aka taka, amma ya fito. Rabin sunan jikana ke nan ya samu a rana guda. Daga nan ta zana masa 大, babba: mutum ne ya buɗe hannuwa ya ware ƙafafu, kamar yaro yana cewa kifin da ya gani ya kai haka. A ja layin hannuwa daga hagu zuwa dama, a sauko daga ka a karkata zuwa ƙafar hagu, a ƙara ta dama. Zane uku.

Mai gadon kusa da taga, Kuwabara, tsohon mai sayar da kifi ne. Nasa ciwon a ƙugu yake, bakinsa lafiya lau. Ya leƙo takardar ya ce, "Maigida, wannan mutumin naka ai ya sha ya bugu. Ka zana masa bango ya dafa."

Isao ya ce, "Madalla."

"Ka ji shi, zagina ya yi. Ni na san murya."

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Tsanin Isao yana nan jingine a bangon shagonsa yadda aka bar shi ranar da ciwon ya same shi. Na zagaye shi.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Mutumin Isao ya warke daga maye, ya tsaya da ƙafafunsa. Malama ta ce to yau za mu shiga aji biyu, domin harafin Taichi sai a shekara ta biyu ake koya wa yara. Ba wani abu ba ne: babba ne, a ƙara masa ɗigo ɗaya a ƙasa, tsakanin ƙafafu. 太. Ta yi sau uku yana kallo.

Ya karɓi fensir. Hannuwa, ƙafar hagu, ƙafar dama, duk tsaf. Sai ya ɗaga hannu da irin yangar nan tasa ta dā, ya ɗiga ɗigon a sama, bisa kafaɗar dama. 犬. Ya ja layin ɗaya a ƙasa ya aje fensir yana kallonmu, yana jiran tafi.

Kuwabara ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi. "Kare ɗaya! Uwargida, ina taya ku murna, ashe kwikwiyo ake jira a gidanku."

Har nas ta ruga waje tana toshe baki. Ni na zauna a kan hannayena.

Haruffan nan uku su ne dodon teburin gyara. Ba ɗigo, babba. Ɗigo a kafaɗa, kare. Ɗigo a ƙasa, mai kauri, mai ƙarfi, irin fatan da ake yi wa ɗa namiji. Da muna sabbi, tsoffin ma'aikata sukan tsorata mu da labarin wani da ya mai da babbar makaranta makarantar karnuka a shafin farko. Ban taɓa samun shaidar labarin ba, don haka ban yarda da shi ba. Amma duk da haka ban taɓa barin harafin nan ya wuce ni ban duba kafaɗarsa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Kare. Kare. Kare. Malama ta ce kada mu damu, a nuna masa inda harafin yake zama a duniya, ko zai gane shi a gidansa. Ta rubuta masa kalmar rana, wadda ke fitowa daga gabas, ga shi a farkonta. Kalmar ganga, ga shi. Sunan babban tekun da muke gani daga tagar Kuwabara, ga shi. Idan yana tsaye shi kaɗai ana kiransa futoi, a cikin sunan mutum ya koma ta ko tai. Harafi ɗaya ne, amma kowane gida da sunan da ake kiransa, kamar ɗan goyo.

Sai na yi dabara. Na bi titin kasuwa na ɗauko hotunan allunan da ya rubuta da kansa: na mai gyaran ganguna, da na gidan taliyar nan mai kauri. Ga ɗigon nan a mazauninsa, mai kyau, kamar ƙwayar kankana.

Ya daɗe yana kallon hoton gidan taliya. Sannan ya miƙo mini waya ya juya fuska ga bango. Kuwabara ma ya kama ɓare lemo.

Ba zan sake kai hotunan ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Ruwa. Ban shanya kaya ba. Na dafa shinkafar mutum biyu. Mantuwa ce.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Segawa-san ya bugo waya. Ya tambayi ruwan da aka yi, ya tambayi ƙafata, ya yaba lemon bana. A jarida mukan ce idan mutum ya kai sakin layi na huɗu bai faɗi labari ba, to labarin ba mai daɗi ba ne.

"Uwargida, ni dai rubutuna kamar kaza ta yi tono ne, kowa ya sani. Amma idan aka ga za a wahalar da maigida, to kazar tana nan."

"Kai, Segawa-san, ka cika ƙanƙan da kai. Ai na ga katinka na sabuwar shekara."

"Wannan matata ce ta rubuta."

Muka yi dariya. Mutumin kirki ne, kuma haƙƙinsa ne ya ba da aro. Na roƙe shi ya ba mu zuwa haihuwa. Ya ce haba, har bayan haihuwa ma. Na aje waya na goge teburin da na riga na goge.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Na karya sharaɗi. Ya zana babba, fensir ya fara hawa wajen kafaɗa, sai na ga yatsana a kan takarda, a ƙasa, inda ɗigon ya kamata. Ban ce uffan ba, yatsa ne kawai.

Ya kalli yatsan. Ya saki fensir ya gangara ƙarƙashin gado. Ya ce "madalla" a hankali, kuma wannan ban iya fassara ta ba.

Da zan fita Kuwabara ya kira ni. "Uwargida, shekara hamsin ina sayar da kifi. Wanda aka fi taɓawa shi ke fara lalacewa."

Na ce na gode. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa har tashar bas.

Litinin, 28 ga Oktoba, da rana

Labarin shafin farko!

Ya rubuta yadda ya saba, ɗigo a kafaɗa. Ya tsura wa takardar ido, ya ɓata rai, leɓensa yana motsi kamar mai tauna ƙashi. Sai ya ce, sarai, kowa ya ji: "Kare."

Malama Horiuchi ta tafa hannu kamar yarinya. Ta ce wannan yana nufin ido ya riga ya san kuskure, hannu ne kawai bai samu labari ba tukuna.

Kuwabara ya ce, "Tsaya, Malama. Ni yake kallo da ya faɗa."

"Kare," in ji Isao, wannan karon yana kallonsa sosai.

"Kun gani? Wata guda ina yi masa hira kyauta, kalmar farko da ya samo zagina ce."

Kalma biyu yanzu. Na sayi gasasshen dankali a hanya na ci a tsaye kamar 'yar makaranta. An yi rana.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Akane ta zo, da ƙyar take zama. Ta ga tarin takardun a kan teburin gado, ta ɗauko tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na so in ɓoye su kafin ta shigo, ban samu zarafi ba.

Ta zaɓi wanda ya fi kyau ta ce, "Baba, ka ba ni wannan."

Ya girgiza kai. "Kare."

"Ai shi nake so. Ka manta da watan cikina na biyar, da ka kai mu wurin ibada a ranar da kalandarmu ke kira ranar kare aka ɗaura mini ɗamarar ciki? Kai ka ce karya ba ta shan wahalar haihuwa, tana zubar da 'ya'ya kamar gyaɗa. To ga laya na samu, rubutun babana."

Ta ninke takardar ta sa a jakar da ta haɗa ta zuwa asibiti. Isao ya yi dariya, da ɓangaren bakin da yake yi. Ban san yaushe 'yar nan ta fi ni wayo ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da yamma

Yanzu ba ya sa ɗigon a kafaɗa. Ba ya sa shi ko'ina. Yakan zana babba, fensir ya tsaya a iska yana yawo kamar ƙudan da ya rasa wurin sauka, har hannun ya gaji.

Ryohei ya zo da shawara, kuma na san ya kwana yana juya ta. Ya durƙusa a gefen gado.

"Baba, na bincika. Ko babu ɗigon, 大一 ma ana iya karanta shi Taichi. Ba mu yi rajista ba tukuna. Mu kawai sai mu bi abin da ka rubuta."

Na ga Akane ta rufe ido. Maganar daidai ce, na san da haka tun tuni, na dai ƙi faɗa.

Isao ya kalli surukinsa. Ya ɗaga hannun hagu ya daki katifa har kofi ya yi tsalle. Ya dangwala yatsa a takardar, ya sake dangwalawa, ya ce "madalla" da muryar da yake korar masu cewa a rage musu zane don allo ya yi sauri.

Kuwabara ya ce, "Yaro, bari in fassara maka. Ya ce jikansa ba za a rage masa ko ɗigo ba."

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Jikana ya iso da sassafe. Uwa lafiya, ɗa lafiya, murya kamar ta Kuwabara. Ungozoma ta ce ba ta daɗe da ganin haihuwar fari mai sauƙi haka ba. Akane ta ce aikin kare ne.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da rana

Likita ya yarda Isao ya zo gida ranar Litinin, kwana na bakwai idan an ƙirga da ranar haihuwa, daga rana zuwa yamma. Na jiƙa jan wake. Na yi wa mai kifi magana.

Na buga wa Segawa-san na gaya masa lokaci. Ya tambaya ko akwai abin da zai zo da shi. Na kama yi masa zancen ruwan sama. Ya ce ya gane.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan an watse

Zan rubuta shi a jere, kada in ƙara gishiri.

Ryohei ya turo Isao a keken marasa lafiya daga mota. Da suka zo daidai shago ya ɗaga kai ya kalli tsanin, tun daga ƙasa har sama, sannan ya nuna ƙofar gida. Akane da jariri suna wurinmu tun da aka sallame su. Ga jar shinkafa da wake, ga kifi gasasshe sukutum. Segawa-san da matarsa sun zauna a gefe, kuma na hango kan buroshi yana leƙowa daga aljihun rigarsa na ciki. Ya ga na gani, ya gyara riga.

Aka share tebur aka shimfiɗa farar takarda. Ryohei ya niƙa tawada a kan dutse, ƙamshinta ya cika ɗakin. Tun watan Satumba gidan nan bai yi wannan ƙamshin ba. Isao ya zaɓi buroshi da kansa, ya tsoma, ya gyara bakinsa a gefen dutse.

Hannuwa. Ƙafar hagu. Ƙafar dama. Babba ya tsaya a tsakiyar takarda, ya ɗan karkata, amma da ƙarfinsa.

Sai buroshi ya tsaya a iska.

Na san wannan tsayuwar. Na ga hannun ya fara ja zuwa kafaɗa, ya dawo, ya sake ja. Tawada tana taruwa a bakin buroshi. Na sa hannayena a ƙarƙashin cinyata. Matar Segawa-san ta shiga nazarin tabarma kamar yau ta fara ganin irinta.

A nan ne mai sunan ya tsala ihu. Akane ta shinshina ta ce, "Ku yi haƙuri, baƙonmu ya yi aiki." Babu wuri sai matashin da ke gefen tebur, nan ta kwantar da shi ta kwance masa nafkin. Da ya ji iska sai ya yi shiru, ya watsa hannuwa gabas da yamma, ya ware 'yan ƙafafunsa. Irin kwanciyar nan da mukan ce mutum ya kwanta kamar harafin babba.

Isao ya kalli jariri. Ya kalli takarda. Ya sake kallon jariri, kuma wannan karon ba fuskar yake kallo ba.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zabura, na ɗauka wani abu ne. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauti, har hawaye. Ya nuna da haɓa, Segawa-san ya bi inda ya nuna, sai shi ma ya fashe.

"Baba!" in ji Akane. "A gaban surukaina?"

Buroshi ya sauko, bai yi shakka ba. Ɗigo ɗaya, a ƙasa, tsakanin ƙafafu, inda jikansa ya nuna masa. Ya ja layin ɗaya a ƙarƙashi ya aje buroshi. Sannan ya tura takardar gaban Segawa-san, ya nuna gefen da ake rubuta ranar haihuwa da sunayen iyaye, ya nuna aljihun rigarsa. Segawa-san ya yi ja har kunne, ya zaro buroshin. Rubutun nasa kuwa ba na kaza ba ne.

Da aka gama Isao ya jawo takardar ya juyo da ita wajena. Bakinsa ya yi ta aiki, na jira "madalla".

"Sumie," ya ce. "Duba."

Rabon da in ji sunana a bakinsa, wannan ma likita ya rubuta.

Na duba yadda na saba, daga sama zuwa ƙasa, zane bayan zane, har kafaɗar. Ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo. Layin ɗaya ya ɗan yi rawa a ƙarshe. Na faɗi abin da nake faɗa a teburina idan shafi zai tafi injin bugawa.

"Ba gyara."

Talata, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na kai wa 'yan hawa na uku jar shinkafa da hoton takardar. Malama Horiuchi ta tambayi yadda aka yi, na gaya mata. Ta ce a duk littattafan da ta karanta ba ta ga wannan hanyar koyarwa ba. Kuwabara ya ce, "Maigida, kai da furfurarka, sai da jariri ya tuɓe ya koya maka karatu?" Isao ya ce masa kare. Shi kuma ya roƙi a bar masa takarda ɗaya daga cikin tsoffin, wai zai liƙa a ƙofar ƙaninsa.

Na ce wa Ryohei ya shigar da tsanin cikin shago, kada ruwa ya ɓata shi kafin mai shi ya neme shi.

An yi rana. Na shanya nafkin.